Furen Takarda Zuwa Méharicourt

Aikina a Ingila kula da tsofaffi ne, a wani gida da ke gefen garin Darlington. Cikin waɗanda nake yi wa hidima akwai wani dattijo ɗan shekara 90 da nake ce wa Baba. Da farko yana gyara mini, yana faɗa mini sunansa, har ya gaji ya fara amsawa. A watan Yunin 2024 aka ce in raka shi filin jirgin sama na Teesside, wai ana taron tunawa da wasu sojoji. Na tura kekensa har gaban wani mutum-mutumi na tagulla da ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, sanye da kayan 'yan jirgin yaƙi, ya ƙame yana sarawa. A ƙasa an rubuta Andrew Mynarski.

Filin nan da yanzu ake tashi zuwa Amsterdam, a zamanin yaƙin Hitila sansanin mayaƙan saman Kanada ne, ana ce masa Middleton St George. Baba yana da shekara 10 a 1944. Ya ce da magariba shi da yayyensa kan hau katanga su ƙirga jiragen da suka tashi, da asuba kuma mahaifiyarsu kan kwanta shiru tana ƙirga rurin waɗanda suka dawo. Sau da yawa lissafin ba ya cika, in ji shi, kuma ranar da bai cika ba babu mai magana a wajen karin kumallo.

A hanyarmu ta komawa ya ce mini shekara da shekaru yana cewa zai je ya ga kabarin mutumin nan a Faransa, ga shi ƙafa ta ƙi. Ni kuma da shegen bakina na ce, "Baba, ni sai in je maka." Na ɗauka zai manta, tunda yakan manta ko ya ci abinci. Bai manta ba. Bayan kwana biyu ya miƙo mini wani ɗan gicciye na katako, tsawon tafin hannu, da jan furen takarda a tsakiya, irin wanda suke maƙalawa a ƙirji duk watan Nuwamba don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi. Na tsaya ina kallon abin, ban miƙa hannu ba. Ya dube ni, ya dubi gicciyen, ya yi dariya, ya sa farce ya ɓanɓare furen ya ba ni, ya mayar da katakon aljihu. Ya ce ai furen ne saƙon. Na sa shi cikin fasfona, amana ta hau kaina.

Da Baba ne zai je, fasfonsa kawai zai ɗauka ya kama hanya. Mai koren fasfo kuwa sai ya nemi biza. Na cike takardu, na haɗa bayanin asusun banki na wata uku da wasiƙar wurin aiki da inshorar lafiya, na je har Manchester aka ɗauki hoton yatsuna. Kuɗin biza yuro 90, ban da na 'yan tsakiya masu karɓar takardu. Abokina da zai sauke ni shi ma sai da ya je ofishin magajin gari ya karɓo shaidar cewa yana da wurin kwantar da baƙo. A gurbin dalilin tafiya na zaɓi yawon buɗe ido, don ba a tanadi gurbi ba ga mai kai fure maƙabarta. Mako uku cif aka yi kafin fasfo ya dawo.

Na tashi wata Asabar da sassafe a farkon Oktoba. Darlington zuwa Landan awa biyu da rabi a jirgin ƙasa, fam 48, barci na sha. Daga tashar King's Cross titi kawai za ka tsallaka ka shiga St Pancras, inda Eurostar, jirgin ƙasa mai zuwa Faransa, ke tashi. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne kana tsakiyar Landan amma a lokacin ɗan sandan Faransa ne ke buga maka hatimin shiga ƙasarsu. Na miƙa fasfo, ya buɗe, sai furen ya faɗo masa a kan tebur. Gabana ya faɗi, don a gida duk abin da ya faɗo daga cikin fasfo a gaban jami'i yana da ma'ana. Ya ɗauka da yatsu biyu, ya juya shi, ya dube ni ya ce, "Somme?" Wato yankin da maƙabartun yaƙi suka cika. Na ɗaga kai. Ya mayar da shi daidai shafin da ya fito, ya buga hatimi, bai ƙara tambayata komai ba.

Ramin da jirgin ke bi ta ƙarƙashin teku kilomita 50 ne, kamar minti 20 cikin duhu. Ruwan da samarin jiragen yaƙin can suke tsallakawa da dare, ba su san ko za su ga safiya ba, ni na wuce ta ƙarƙashinsa ina cin biskit. Da muka fito agogon waya ya yi tsalle da awa ɗaya. Na sauka a Lille, tikiti fam 71, na taka 'yan mintuna zuwa ɗaya tashar na hau ƙaramin jirgi mai zuwa Amiens. Tun daga wajen Arras na fara hango su ta taga: gona, gona, sai wani fili mai katanga da fararen duwatsu a jere kamar haƙora, sai gona kuma. Waɗannan na yaƙin farko ne, na 1914 zuwa 1918. Na fara ƙirgawa, na bari.

Mai masaukina Badamagare ne, ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a a Kano, yanzu yana digiri na uku a Amiens. Tun daga nesa ya ɗaga murya, Faransawa na waiwaye: "Bawana ya iso! Kai Bakano, ku da ba ku zuwa wuri sai da riba, me ake sayarwa a maƙabarta?" Na ce na zo duba talakawana ne, in ga ko sanyi ya bar su da rai. Ya gyara mini sunan garin ma, wai Amiyan ake cewa, rabin haruffan ado ne.

Kana fitowa daga tasha wata doguwar hasumiya ta siminti za ta tare maka ido, ta haura mita 100. Na ce masa garin nan kamar sabo. Ya ce sabo ne mana, bam ne ya share tsohon: Jamusawa sun ƙona tsakiyarsa a 1940, sannan a 1944 jiragen Ingila da Amurka suka zo suka ƙara, suna neman layin dogo. Babbar majami'arsu mai shekara 800 ce ta tsira, tana nan tsaye kamar dutsen Dala a tsakiyar sababbin gine-gine.

Ɗakinsa ɗaya ne, murhu a lungu, bayi kamar akwati, yuro 430 duk wata. Ya yi mana dambu da busasshen zogalen da yake ɓoyo kamar zinariya. Muna shan shayi ya ce, "To wai shi mutumin da ka zo wa, ka san abin da ya ɗauko a cikin jirgin nan? Ba goro ba ne fa." Na ce na sani. Ya ce a'a, ban sani ba. Kafin sojojin ƙawance su sauka a Normandy ranar 6 ga Yunin 1944, da kuma bayan sun sauka, an yi ta ruwan bama-bamai a kan mahaɗar jiragen ƙasa ta Faransa don a hana Jamus kawo ɗauki. Su kuwa tashoshin nan a cikin gari suke, mutane na kwana a gefensu. Fararen hular Faransa sama da 50,000 ne bama-baman masu zuwa ceton su suka kashe a yaƙin. Cambrai, garin da jirgin Mynarski ya nufa a daren, yana cikin waɗanda suka sha wuta a wannan shekarar.

Ban ba shi amsa ba. Tudun Biri ce ta faɗo mini a rai, Disamban 2023, masu Maulidi da abu ya sauko musu daga sama. Wanda ya fito daga inda na fito ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda bam yake idan kai ne a ƙasa. Na kwanta a katifar iska da maganar tana cina. Wajen ƙarfe uku katifar ta sace, na ƙarasa daren a kan dandamali.

Ranar Lahadi muka ɗauki tsohuwar Fijo ɗinsa, wadda ƙofar direba ba ta buɗuwa sai ta ciki. Gidan mai babu kowa, kai za ka sa kati ka zuba da hannunka, lita wajen yuro 1.70. Na buga lissafi da naira, na ga a gida ana kuka lita ta haura 1,000, na yi shiru. Muka ɗauki hanyar Doullens, kilomita 30 arewa da Amiens. Na tuna tafiyar da muka taɓa yi da shi daga Kano ta Kazaure da Daura da Kongwalam zuwa Damagaram, yadda direba ke ajiye canji a gaban mota saboda shingaye, kowane da irin gaisuwarsa. Nan sau ɗaya aka tsayar da mu, a wani shataletale. Jandarma biyu, mace da namiji. Suka duba takardun mota, suka sa shi ya hura wani bututu, suka tambayi inda za mu. Ya ce maƙabarta. Macen ta ce wacce daga ciki, nan ai sun fi gidajen burodi yawa.

Gaudiempré ƙauye ne da bai fi wata unguwa ƙarama ba, gidajen jan bulo, majami'a, kare ɗaya da ya yi mana haushi don sauke nauyi. Ba mu ga mutum ko ɗaya a waje ba. Akwai ɗan dutsen tunawa da allon ƙarfe mai sunan Mynarski, bayansa gonaki shimfiɗe har inda ido ya tsaya. A nan jirgin ya faɗo. Muka jingina da mota, iska na yanka kunne, na ba Badamagare labarin yadda na karanta shi kuma na ji shi a wajen taron.

An haifi Andrew Mynarski a Winnipeg ta Kanada a 1916, iyayensa baƙi ne daga Folan. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 16, ya kama aikin yankan fata don ya riƙe gida, irin yaran da muke gani a majema. Ya shiga sojan sama a 1941, ya zama mai bindiga a runduna ta 419. Jirginsu Lancaster ne, mai inji huɗu, ƙirar Kanada, lambarsa KB726. Mutum bakwai ke ciki: matuƙi, injiniya, mai duba hanya, mai sakin bam, mai rediyo, da masu bindiga biyu. Mynarski yana akurkin gilashin da ke kan gadon bayan jirgin. Abokinsa Pat Brophy yana na can wutsiya, wurin da ya fi ko'ina sanyi da kaɗaici, kuma don ƙunci ko laimar sauka ba a shiga da ita, a waje ake rataye ta. Brophy hafsa ne, Mynarski kuwa sai ana gobe za su yi tashinsu na ƙarshe aka ba shi hafsa. Don haka in sun dawo daga aiki za su rabu kowa ya nufi masaukinsa, Mynarski kan ƙame ya sara masa cikin tsokana ya ce, "Sai da safe, yallaɓai."

Daren 12 ga Yunin 1944 shi ne fitarsu ta 13, kuma za su isa Cambrai ranar 13 ga wata. Turawa na camfa wannan lamba. Suna zaune a ciyawa suna jiran tashi Mynarski ya tsinci wani ɗan ganye mai kunne huɗu, wanda su a wajensu alamar sa'a ce, ya ba Brophy, shi kuma ya cusa a hularsa.

Bayan sha biyun dare kaɗan wani jirgin Jamus, Ju 88, ya zo musu ta ƙasa ya buɗe wuta. Injuna biyu na hagu suka mutu, bututun man da ke juya akurkin wutsiya ya fashe ya kama da wuta. Matuƙin, Art de Breyne, ya ba da umarni kowa ya fita. Na gaba suka fice. Mynarski ya sauko, ya isa ƙofar baya, laimarsa a jiki, saura ya yi tsalle. Sai ya waiga ya hango Brophy ta gilashi. Akurkin ya maƙale a karkace, ƙofarsa ba ta fuskantar cikin jirgi, mariƙin juya shi da hannu ya karye. Tsakaninsu mai ne ke ci da wuta.

Ya bar ƙofar ya rarrafa ta cikin wutar. Ya ɗauki gatarin jirgi ya yi ta sara, abu ya ƙi. Ya jefar ya kama da hannu. Kafin nan wandonsa da laimarsa sun kama. Brophy na yi masa ihu yana kora shi da hannu, ya tafi, ya tafi. Da ya ga ba dabara, ya ja da baya ta cikin wutar, idonsa a kan abokinsa, har bakin ƙofa. Ya miƙe tsaye, tufafinsa na ci, ya ƙame ya sara. Brophy ya ce bai ji muryarsa ba amma ya ga bakinsa, ya san abin da ya faɗa. Sannan ya yi tsalle.

Mutanen ƙauye sun ga saukowarsa kamar bakin wuta. Sun same shi da rai, amma ƙunar ta yi yawa, bai daɗe ba ya cika. Shi kuwa jirgin, da bama-bamansa a ciki da Brophy a wutsiya, ya zo ya daki bishiya. Dukan ne ya fizge akurkin ya buɗe, ya yi jifa da Brophy waje. Ya tashi ba karaya. Mai sauran shan ruwa ke nan. Da ya cire hula ganyen ya faɗo. 'Yan ƙasa masu yaƙin sunƙuru da Jamus suka ɓoye shi, ya koma Ingila a watan Satumba. Cikin su bakwai Mynarski kaɗai ya mutu: biyu an kama su, huɗu sun tsere. Sai da Brophy ya ba da labari sannan matuƙin ya rubuta wa hukuma, aka ba Mynarski lambar Victoria Cross a watan Oktoban 1946, wadda babu ta sama da ita a sojan Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Brophy ya rayu har 1991, yana cewa ya yi imani Allah ya bar shi ne don duniya ta ji abin da ya gani.

Badamagare ya daɗe yana kallon gonar. Can ya ce, "Ƙofa a buɗe, ya koma." Na ce ya koma. Bai janye maganarsa ta daren jiya ba, ni ma ban nemi ya janye ba. Muka shiga mota.

Ba a nan aka binne shi ba. Kabarin na Méharicourt, kudu maso gabas, tafiyar awa ɗaya da wani abu, sai mun koma ta gefen Amiens. A nan yunwa ta kama mu, muka gane kuskurenmu: ranar Lahadi da rana ƙauyukan Faransa a rufe suke ruf. Ba mai shayi, ba mai tsire, ba yarinya mai gyaɗa. A gida ko a dokar daji motarka ta lalace, kafin ka buɗe bonet wani ya ɓullo da rake. Mun wuce ƙauye biyar kafin muka ga wani akwatin ƙarfe a bakin titi kamar na cirar kuɗi. Ka jefa yuro 1.20, ya turo maka dogon burodi. Muka ci biyu da gwangwanin kifin da ya kwana biyu a but.

Daga Villers-Bretonneux ƙasar ta baje kamar faranti, ana ce wa yankin Santerre. Manyan fankokin lantarki na juyawa ko'ina, kuma kaka ce, an tara wata saiwa kamar ƙaton makani tsibi-tsibi a bakin gonaki, tsawon gida. Betarab, in ji shi, da ita suke sukari, ba su da rake. Taraktoci sun cika titi da laka. A cikin wannan muka ɓata hanya, muka tsinci kanmu a wata babbar maƙabartar sojan Faransa kusa da Lihons. Na ce mu juya, ya ce in zo in ga wani abu. A cikin dubban gicciye akwai wasu duwatsu masu kai kamar ƙofar masallaci, da wata da tauraro, da rubutun Larabci: haza ƙabrul marhum. Musulmi ne da Faransa ta kwaso daga ƙasashen da ta mallaka a yaƙin farko. Ya ce waɗanda ake kira sojan Senegal ma ba duka 'yan Senegal ba ne, har daga ƙasarsu an ɗiba. A nan muka ɗaga hannu muka yi addu'a, muka yi sallar azahar da la'asar a kan ciyawa a bayan katanga. Ba don ɓatan hanya ba, da ban san suna nan ba.

Méharicourt muka isa wajen ƙarfe huɗu. Maƙabartar gari ce ta kowa da kowa, a bakin ƙauye, ƙofar ƙarfe mai ƙara. Ka wuce kaburburan iyalai na baƙin marmara da furannin tangaram, sai ka ga wani yanki daban, ciyawa a aske kamar an bi ta da reza, fararen duwatsu 41, tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. Duka 'yan jirgin sama ne: 21 na Ingila, 12 na Kanada, 6 na Ostareliya, 2 na New Zealand. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ce ke riƙe da su, kuma ƙa'idarta tun 1917 ita ce hafsa da kurtu dutse iri ɗaya. Wata tsohuwa da ke ba furannin kabarin mijinta ruwa ta nuna mana gonakin da ke gefe, ta ce can filin jirgin Jamusawa yake a lokacin.

Nasa ba ya ɓata, don shi ne mai tarin kaya a gindi: ƙananan tutocin Kanada da rana ta cinye, kwabbai, tsakuwa. Tambarin sojan saman Kanada a sama, sunansa, 13 ga Yuni 1944, shekara 27, sai hoton lambar yabon a sassaƙe. Na ciro furen daga fasfo na ajiye, iska ta ɗauke shi nan take, sai da na bi shi da gudu tsakanin kaburbura. Badamagare ya lalubo tsinken sakace a aljihu, muka soke furen muka kafa a ƙasa, na tokare da tsakuwa biyu. Na ɗauki hoto. Na tsaya shiru na ɗan lokaci, na ce a raina Baba na gaishe ka, don iyakar saƙon ke nan.

Sauran 40 ɗin ne suka riƙe ni. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawa ba su kai shi shekaru ba, yara ne sa'o'in ƙannena. Za ka ga duwatsu a jere da kwanan wata ɗaya, ka san jirgi guda ne ya tafi da su. Cikin mutum kusan 125,000 da suka yi aiki a jiragen bam na rundunar Ingila, 55,573 ba su dawo ba. A cikin jiragen nan da suka faɗo da kowa da kowa, wa ya san wanda ya koma don wani, wa ya riƙe sitiyari don na baya su fita? Babu wanda ya fito ya faɗa. Shi Mynarski yana da mutum-mutumi a Ingila, da makaranta mai sunansa a Winnipeg, da wani Lancaster a Hamilton ta Kanada da aka yi wa fentin jirginsa, ɗaya daga biyu kacal da suka rage suna tashi a duniya. Duk wannan ya rataya ne a kan bishiyar da jirgin ya daka. Da babu ita, da dutsensa na nan kamar na maƙwabcinsa, ba tuta ba kwabo.

A nan na tuna ƙanen kakana. A gidanmu labarinsa jimla ɗaya ce: ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. Dubun-dubatar mutanenmu Ingila ta kwasa zuwa can a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Hausa ce ma harshen bariki. Barikin Kalapanzin da ke Kaduna da na Chindit a Zariya, da muke wucewa kullum, sunayen daga can suka zo. Na zauna a kan dakalin katanga na buɗe shafin hukumar a waya. Suna ciki, ba a bar su duka ba. Da yawa an rubuta su a bangon tunawa na Taukkyan kusa da Rangun, mai ɗauke da sunaye kusan 27,000. Matsalar ita ce yadda aka ɗauke su: sunan yanka da sunan gari. Rubuta Audu ko Garba ko Musa ka sa Kano a gaba, ka ga yadda suke zubowa. Wanne ne namu?

Na fara faɗa, ina cewa su nasu ga dutse ga ciyawa. Badamagare ya katse ni: "Kai Bakano, tsakaninka da Allah, in aka kai ka maƙabarta yanzu za ka iya nuna kabarin kakanka?" Ba zan iya ba. Damina uku ta wuce, ƙasa ta koma ƙasa, haka muke yi kuma ban taɓa jin ciwon hakan ba. Ashe ba dutsen nake nema ba. Kafin mu tashi na yi wa Gwaggona saƙon murya, ita ce babbar da ta rage, na ce ta faɗa mini duk abin da ta sani.

Litinin na juyo ta hanyar da na zo. Da biza da komai tafiyar ta ci mini kusan fam 400. Talata na kai wa Baba hoton. Ya sa tabarau, ya ce in ƙara masa girma. Ya tambaya ko ana aske ciyawar, na ce kamar kan ango. Ya ga tsinken sakacen ya yi dariya har da tari. Sai ya sa yatsa ya fara ƙirga duwatsun da suka fito a hoton, a hankali, bakinsa na motsi. Ya kai 12, hoto ya ƙare. Ya ce in wanko masa a takarda.

Gwaggo sai Laraba ta amsa, wai ba wuta, waya ta mutu. Saƙon minti shida, rabinsa gaisuwa da faɗan ban yi aure ba. Sannan ta ce, "Ai akwai wanda suka tafi tare, shi ya dawo. Shi ya kawo bargonsa da kwanon cin abincinsa, ya ce a gabansa ya cika. Gadi yake yi a Bompai, duk sallah sai ya zo gaida Inna, ya zauna a zaure ya yi ta zuba, mu kuwa muna dariya muna cewa tsohon soja ya fara. Shekarar Maitatsine ya rasu." Na mayar da saƙon baya na sake ji. Na tura mata: me yake cewa? Ta ce wa ya tsaya ji, suna yara, manya kuma ba sa son a tayar wa Inna da hankali. Ta ce amma yana da 'ya'ya a wajen Dakata, za ta sa a tambaya.

Na ce bargon fa?

Ta ce, "Wani toka-toka mai kaushi? Ai shi Inna ke shimfiɗa wa jarirai da sanyi har ya yage. Kai ma ka yi masa fitsari ba sau ɗaya ba."